Neman ƙananan fayiloli da foldoji ta layin umarni

Neman ƙananan fayiloli da foldoji ta layin umarni hanya ce ta zaƙulo fayilolin da girmansu bai kai wani adadi ba, da foldojin da babu komai a cikinsu ko kuma abin da ke ciki kaɗan ne, ta hanyar rubuta wa kwamfuta umarni maimakon buɗe foldoji ɗaya bayan ɗaya. A Linux da macOS da sauran manhajojin dangin Unix, umarnai biyu ne suka fi yin wannan aiki: `find`, wanda ke bin foldoji yana gwada kowane fayil da sharuɗɗan da aka gindaya masa, da `du`, wanda ke lissafa wurin da kowace folda ta ci a ma'ajiya. A Windows kuwa ana amfani da PowerShell ko umarnin `forfiles`. Masu kula da sabobi, masu rubuta manhaja, ɗalibai da masu bincike suna yin wannan aiki domin tsaftace ma'ajiya, gano fayilolin da suka lalace, da kuma magance cikewar faifai.

Wasu suna kiran folda da sunan kundi. Duk ma'anar ɗaya ce: wurin da ake tara fayiloli da wasu foldojin a ƙarƙashin suna guda.

## Dalilan neman ƙananan fayiloli

Galibin mutane manyan fayiloli suke nema idan ma'ajiya ta cika. Sai dai ƙanana ma suna da tasu matsalar, ta fuskoki huɗu.

Na farko, ƙanƙancin fayil yakan zama alamar lalacewa. Hoto ko bidiyo ko takardar PDF da aka fara saukewa daga intanet sai hanyar sadarwa ta katse, ko wuta ta ɗauke ana cikin kwafa, yakan bar fayil mai suna daidai amma babu komai a ciki, ko akwai ɗan guntu kawai. Wanda bai duba girman ba zai ɗauka kayansa na nan, har sai ranar da ya zo buɗewa.

Na biyu, ƙananan fayiloli suna cin wuri fiye da abin da suka ƙunsa, saboda yadda ake raba ma'ajiya gida-gida.

Na uku, a wasu tsare-tsaren ma'ajiya adadin fayilolin da za a iya ƙirƙira yana da iyaka. Idan ƙanana suka yi yawa, faifai yakan ƙi karɓar sabon fayil alhali da sauran wuri.

Na huɗu, kwafar dubban ƙananan fayiloli ta fi ɗaukar lokaci a kan kwafar babban fayil guda mai girman jimillarsu, domin kowane ɗaya sai an buɗe shi, an rubuta bayanansa, an rufe. Manyan tsare-tsaren sarrafa bayanai ma ba su tsira ba. A tsarin HDFS na Hadoop, inda tubalin ajiya na asali ya kai megabait 128, ana riƙe bayanin kowane fayil a ƙwaƙwalwar saba guda, don haka tarin ƙananan fayiloli sananniyar matsala ce a wajen masu aiki da shi.

## Tarihi

An fara ƙirƙirar Unix a shekarar 1969 a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka, ƙarƙashin Ken Thompson da Dennis Ritchie. Umarnin `du` yana cikin bugun farko na Unix na shekarar 1971. Siffar `find` da aka sani a yau, mai karɓar jerin sharuɗɗa, ta fito ne a bugu na 5 na Unix a shekarar 1974. Dick Haight ne ya rubuta ta tare da umarnin `cpio`, kuma an tsara su ne su yi aiki tare: `find` ya zaƙulo sunayen fayiloli, `cpio` ya tattara su wuri guda.

A shekarar 1983 Richard Stallman ya sanar da shirin GNU, wanda ya sake rubuta kayan aikin Unix a matsayin manhaja mai 'yanci. Eric Decker ne ya fara rubuta `find` na GNU, daga baya David MacKenzie da Jay Plett da Tim Wood suka faɗaɗa shi. Yana cikin ƙunshin findutils, shi kuma `du` yana cikin coreutils. Bayan da Linus Torvalds ya fitar da Linux a shekarar 1991, waɗannan kayan aiki na GNU suka zama su ne ake samu a mafi yawan kwamfutocin Linux. Ƙa'idar POSIX ta tanadi mafi ƙarancin abin da kowane `find` da `du` zai iya yi, amma GNU da BSD kowanne ya ƙara nasa zaɓuɓɓukan. Wannan ne ya sa umarnin da ya yi aiki a Ubuntu wani lokaci yakan ƙi yi a macOS.

## Yadda ake auna girman fayil

Ma'aunin asali shi ne bait. A al'adar Unix, kilobait bait 1,024 ne, megabait kuma bait 1,048,576, gigabait bait 1,073,741,824. Masu ƙera faifai kuwa da 1,000 suke lissafi. Domin raba gardama, hukumar IEC ta amince da sunayen kibibait, mebibait da gibibait a shekarar 1998 ga ma'aunan da ke tafiya da 1,024. Haruffan `k`, `M` da `G` na `find` da `du` duk a kan 1,024 suke.

Kowane fayil yana da girma iri biyu. Akwai yawan bait ɗin da ya ƙunsa, akwai kuma wurin da ya ci a faifai. Ana raba ma'ajiya zuwa tubala masu girma ɗaya, kuma a yawancin tsare-tsare fayil ba ya raba tubali da wani. A ext4, tsarin da Linux ya tabbatar da shi a watan Disambar 2008, girman tubali yawanci bait 4,096 ne. Fayil mai bait 1 tubali guda zai ci, haka ma mai bait 4,000. A katin memori mai girma fiye da gigabait 32 da aka tsara da exFAT, girman gida ɗaya a tsarin Windows na asali bait 131,072 ne.

Lissafi zai nuna bambancin. Fayiloli 10,000 masu bait 500 kowanne sun ƙunshi bait 5,000,000. A ext4 za su ci bait 40,960,000. A irin wancan katin memori za su ci bait 1,310,720,000, wato sama da gigabait ɗaya. Wasu tsare-tsaren suna rage wannan asara: NTFS na Windows yana cusa fayil ɗan ƙarami sosai a cikin rajistar bayanansa, Btrfs ma yana yin makamancin haka.

Sharaɗin `-size` na `find` yana duba yawan bait ɗin da fayil ya ƙunsa ne, shi kuwa `du` wurin da aka ci a faifai yake lissafawa. Shi ya sa alƙalumansu ba sa zuwa ɗaya.

### Ainod

A tsare-tsaren ma'ajiya na Unix, kowane fayil da kowace folda suna da ɗan katin bayani da ake kira ainod, wanda ke riƙe da girman fayil, mai shi, izinin amfani da shi, lokutansa, da inda tubalansa suke. A ext4 ana ƙayyade adadin ainod tun lokacin tsara faifai, bisa al'ada ɗaya ga kowane bait 16,384. Faifai mai gibibait 100 zai sami ainod kusan 6,553,600. Idan suka ƙare, kwamfuta za ta ce `No space left on device` ko da rabin faifan fili ne. Umarnin `df -h` yana nuna ragowar wuri, `df -i` kuma ragowar ainod. XFS da Btrfs suna ƙirƙirar ainod ne gwargwadon buƙata, don haka ba su cika fuskantar wannan ba.

### Haruffan Hausa da yawan bait

Yawan haruffan rubutu ba shi ne yawan bait ɗinsa ba. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a shekarar 1992, haruffan boko na gama-gari bait 1 suke ci, amma haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, bait 2 kowanne. Kalmar "ƙasa" haruffa 4 ce amma bait 5. Haruffan Larabci na asali da ake rubuta ajami da su, da wasullansu, bait 2 ne kowanne, wasu da aka ƙara daga baya kuma bait 3. Umarnin `wc -c` yana ƙirga bait, `wc -m` kuma yana ƙirga haruffa.

## Umarnin find

Tsarin umarnin shi ne a rubuta `find`, sai wurin da za a fara nema, sai sharuɗɗa, sai abin da za a yi da fayilolin da suka cika sharuɗɗan. Idan ba a faɗi abin yi ba, zai jero sunayensu kawai. Ɗigo guda yana nufin foldar da ake ciki, alamar `~` kuma foldar mai amfani da kwamfutar.

```
find . -type f -size -1024c
```

Wannan zai jero duk fayilolin da ba su kai bait 1,024 ba, daga foldar da ake ciki zuwa duk foldojin da ke ƙarƙashinta. Sharaɗin `-type f` ya taƙaita nema ga fayiloli na gama-gari, `-type d` kuma ga foldoji. Alamar ragi a gaban lamba tana nufin ƙasa da, alamar ƙari tana nufin sama da, idan babu alama kuma ana nufin daidai da lambar.

Harafin da ke bin lamba shi ne ma'auni. A `find` na GNU akwai shida:

- `c`: bait
- `w`: kalma mai bait 2
- `b`: tubali mai bait 512, kuma shi ake ɗauka idan ba a sa harafi ba
- `k`: bait 1,024
- `M`: bait 1,048,576
- `G`: bait 1,073,741,824

Ƙa'idar POSIX ta san tubali mai bait 512 da kuma `c` ne kawai. Sauran ƙari ne.

### Ɗaga lamba zuwa sama

Wurin da masu koyo suka fi tuntuɓe shi ne yadda `find` na GNU ke lissafi. Kafin ya gwada girman fayil da lambar da aka ba shi, sai ya mayar da girman zuwa ma'aunin da aka zaɓa, ya ɗaga duk wani ɓurɓushi zuwa cikakkiyar lamba ta gaba. Kamar direban da ke karɓar kuɗin buhu guda ne ko da buhun rabi ne: a ma'aunin `M`, fayil mai bait 10 megabait 1 ne, mai bait 900,000 ma megabait 1 ne. Saboda haka:

```
find . -type f -size -1M
```

ba zai kawo fayilolin da ba su kai megabait ɗaya ba. Fayilolin da babu komai a cikinsu kaɗai zai kawo, domin su ne kawai ke ƙasa da 1 bayan an ɗaga. Wanda ke son duk abin da bai kai megabait ɗaya ba sai ya rubuta `-size -1048576c`. Haka abin yake a ma'aunin `k`:

- `-size -1k` yana kawo fayiloli masu bait 0 kaɗai
- `-size 1k` yana kawo masu bait 1 zuwa 1,024
- `-size -2k` yana kawo masu bait 0 zuwa 1,024
- `-size -10k` yana kawo masu bait 0 zuwa 9,216

Mantuwa da harafin ma'auni ma yana canja ma'ana. Rubuta `-size -100` yana nufin ƙasa da tubala 100 masu bait 512, ba bait 100 ba. Amfani da `c` ya fi tabbas, domin babu ɗagawa a cikinsa, kuma ma'anarsa ɗaya ce a kowane irin `find`.

### Haɗa sharuɗɗa

Idan aka jera sharuɗɗa, dole fayil ya cika su duka. Ta haka ake ware tsakanin iyaka biyu:

```
find . -type f -size +0c -size -1024c
```

Wannan ya cire fayiloli marasa komai, ya bar masu bait 1 zuwa 1,023. Ana iya ƙara `-name` domin suna, ko `-iname` idan ba a damu da babban baƙi ko ƙarami ba, da `-mtime` domin kwanakin da fayil ya yi ba a taɓa abin da ke cikinsa ba, da `-maxdepth` domin taƙaita zurfin nema:

```
find ~/takardu -maxdepth 2 -type f -iname '*.pdf' -size -5000c
```

Ana sa tsarin suna a cikin alamar zance domin kada shel ya fassara tauraron kafin `find` ya gan shi. Idan nema ya ratsa foldojin da mutum ba shi da izinin shiga, saƙonnin ƙorafi sukan cika allo. Ƙara `2>/dev/null` a ƙarshen umarni yana ɓoye su. Zaɓin `-xdev` kuma yana hana `find` tsallakawa zuwa wani faifai da aka jona.

### Jerantawa daga ƙarami zuwa babba

Shi kansa `find` ba ya jeranta sakamako. Ana tura abin da ya fitar ta bututu zuwa `sort`:

```
find . -type f -printf '%s %p\n' | sort -n | head -20
```

A nan `%s` girman fayil ne a bait, `%p` kuma cikakken sunansa. Umarnin `sort -n` ya jera bisa lamba, `head -20` ya nuna ashirin na farko. Idan aka sa `%k` a madadin `%s`, wurin da fayil ya ci a faifai za a gani. Zaɓin `-printf` ƙari ne na GNU.

## Fayiloli da foldoji marasa komai

Sharaɗin `-empty`, wanda ke cikin GNU da BSD, yana gano fayil mai bait 0 da foldar da babu komai a cikinta:

```
find . -type f -empty
find . -type d -empty
```

Fayil na iya bayyana fanko a ido alhali ba haka yake ba. Umarnin `touch` yana ƙirƙirar fayil mai bait 0, amma `echo "" > fayil` yana rubuta alamar ƙarshen layi, wato bait 1. Wasu manhajojin rubutu kuma suna sa alama mai bait 3 a farkon fayil ɗin UTF-8. Irin waɗannan `-empty` ba ya kama su, sai an nemo su da `-size -5c` ko makamancinsa. Foldar da ke ɗauke da ɓoyayyen fayil, wato wanda sunansa ya fara da ɗigo, ita ma ba fanko ba ce.

## Ƙananan foldoji

Sharaɗin `-size` ba ya auna abin da ke cikin folda. A Unix folda jerin sunaye ce kawai da lambobin ainod ɗinsu, kuma girman wannan jeri shi `find` yake gani. A ext4 folda mai ɗauke da bidiyo na gigabait 50 da folda fanko duk suna iya nuna bait 4,096. Domin sanin nauyin abin da ke ciki, `du` ake amfani da shi:

```
du -h -d 1 . | sort -h | head
```

Zaɓin `-h` yana nuna girma da `K`, `M` da `G`, `-d 1` ya tsaya a foldojin hawa na farko, `sort -h` kuma ya san cewa 900K bai kai 2M ba. A shekarar 2013, bugu na 8.21 na coreutils ya zo da zaɓin `--threshold`. Idan aka ba shi lamba mai alamar ragi, yana cire duk abin da ya wuce wannan girma:

```
du -h --threshold=-100K ~/takardu
```

Zaɓin `--apparent-size` yana sa `du` ya lissafa bait ɗin da fayiloli suka ƙunsa maimakon wurin da suka ci. Gwada sakamakon biyu yana nuna yawan wurin da ke tafiya a banza. Zaɓin `--inodes`, wanda ya zo a bugu na 8.22, yana ƙirga yawan fayiloli ne, don haka shi ne abin nema idan ainod ya ƙare:

```
du --inodes -d 2 /var | sort -n | tail
```

## Misali: tace muryoyin da aka naɗa

A ce mai nazarin harshe ya naɗi muryoyin masu magana da karin Hausar yamma, ya ajiye su a foldar `sauti` mai ƙananan foldoji uku: `masama`, `gwandu` da `kalgo`. A cikin ɗaruruwan fayilolin akwai waɗanda aka danna maɓallin naɗa cikin kuskure aka kashe nan take. Sauraron kowane ɗaya zai ci kwanaki, amma girman fayil zai tona su.

Fayil ɗin WAV na gama-gari yana farawa da kan bayani mai bait 44. Idan an naɗa a layin sauti guda, samfur 44,100 a daƙiƙa, kowane samfur bait 2, to daƙiƙa ɗaya bait 88,200 ce. Duk fayil ɗin da bai wuce bait 88,244 ba, sautin da ke cikinsa bai wuce daƙiƙa ɗaya ba:

```
find sauti -type f -iname '*.wav' -size -88245c
```

Fayil mai bait 44 daidai babu sauti a cikinsa ko kaɗan. Wasu na'urorin suna rubuta kan bayani mai tsawo fiye da haka, kuma idan an naɗa a layi biyu lambar za ta ninka. Wannan lissafi bai shafi MP3 da sauran fayilolin da ake matsewa ba. Da irin wannan hanya ake gano fayilolin rubutun da ba a kammala ba:

```
find sauti -type f -name '*.txt' -size -50c -printf '%s %p\n' | sort -n
```

Ba kowane gajeren fayil ne shara ba. Idan jerin kalmomi aka naɗa ɗaya bayan ɗaya, furucin kalma guda zai iya zama ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Umarnin yana rage yawan fayilolin da za a saurara ne, hukunci kuma na mai binciken ne.

## Gogewa da haɗarinta

Abin da aka goge ta layin umarni ba ya shiga kwandon shara, kuma dawo da shi yana da wuya ƙwarai. Saboda haka ake fara gudanar da umarni ba tare da gogewa ba, a karanta jerin, sannan a ƙara `-delete` a ƙarshe:

```
find . -type f -name '*.tmp' -empty -delete
```

Matsayin `-delete` yana da muhimmanci, domin `find` daga hagu zuwa dama yake bin sharuɗɗa. Idan aka sa shi kafin sauran, zai goge duk abin da ya tarar tun bai kai ga sharuɗɗan ba. Haka kuma `-delete` yana sa a fara da abin da ke cikin folda kafin ita kanta. Sakamakon haka, `find . -type d -empty -delete` zai goge folda fanko, sannan ya goge uwarta idan ita ma ta zama fanko, ko da ba ta fito a jerin farko ba.

Akwai hanyoyi masu sauƙin haɗari. Zaɓin `-ok` yana tambaya kafin kowane fayil. Umarnin `rmdir` ba ya goge folda sai fanko. Ana kuma iya kwashe fayilolin zuwa wata folda a ajiye na ɗan lokaci:

```
mkdir ~/ware
find . -type f -size -1024c -exec mv -n -t ~/ware {} +
```

Zaɓin `-n` yana hana fayil ya danne wani mai suna irin nasa. Foldar da ake kwashewa zuwa cikinta ya kamata ta kasance a wajen wurin da ake nema. Idan ana son adana ƙananan fayilolin amma a rage wurin da suke ci, ana dunƙule su da `tar`:

```
find . -type f -size -1024c -print0 | tar -czf ~/kanana.tar.gz --null -T -
```

Zaɓin `-print0` yana raba sunaye da bait ɗin sifili maimakon sabon layi, domin sunayen da ke da tazara ko wasu alamomi kada su rikice.

Akwai ƙananan fayilolin da goge su ke ɓata aiki. Fayil ɗin `__init__.py` na harshen Python sau da yawa fanko ne, amma shi ke nuna cewa folda ƙunshin manhaja ce. Fayil ɗin `.nomedia` a Android yana hana hotunan wata folda fitowa a ma'adanar hotuna. Masu amfani da Git suna ajiye `.gitkeep` domin folda ta ci gaba da kasancewa, tunda Git ba ya bibiyar folda fanko. Fayilolin saiti na `/etc` da makullan sirri na `~/.ssh` duk ƙanana ne. Fayilolin `/proc` kuwa yawancinsu suna nuna bait 0 alhali akwai bayani a ciki, domin zuciyar Linux ce ke samar da su a lokacin da aka zo karantawa. Saboda waɗannan dalilai ba a gudanar da umarnin gogewa daga tushen faifai, wato `/`, musamman da ikon `sudo`.

## A sauran manhajoji

### Windows

Umarnin `find` na Windows, wanda ya samo asali daga MS-DOS 2.0 na shekarar 1983, aikinsa daban ne: kalma yake nema a cikin rubutu. Domin neman fayil ta girma ana amfani da PowerShell, wanda Microsoft ta fitar a shekarar 2006:

```
Get-ChildItem -Recurse -File | Where-Object Length -lt 1KB
```

A PowerShell `1KB` bait 1,024 ne, kuma babu ɗaga lamba. A tsohon allon umarni na `cmd` ana iya rubuta:

```
forfiles /S /C "cmd /c if @isdir==FALSE if @fsize LSS 1024 echo @path"
```

Tun shekarar 2016 akwai kuma WSL, wanda ke ba da damar gudanar da Linux a cikin Windows tare da `find` da `du` na GNU.

### macOS da BSD

`find` na macOS daga BSD ya fito. Yana da `-empty` da `-delete` da `-maxdepth`, amma ba shi da `-printf`. A madadinsa ana haɗa shi da `stat`:

```
find . -type f -exec stat -f '%z %N' {} + | sort -n | head
```

### Android

Tun daga Android 6.0 na shekarar 2015, wayoyin Android suna ɗauke da Toybox, ƙunshin ƙananan umarnai da ya haɗa da `find` da `du`. Manhajar Termux tana buɗe layin umarni a waya. Bayan an gudanar da `termux-setup-storage` an ba da izini, ma'ajiyar wayar tana bayyana a `~/storage/shared`, kuma daga nan mai waya zai iya gwada umarnan da ke sama ba tare da kwamfuta ba.

## Wasu kayan aiki

Manhajar `fd`, wadda David Peter ya rubuta da harshen Rust, tana yin yawancin aikin `find` da gajeren rubutu. Umarnin `fd -t f -S -1k` yana kawo fayilolin da ba su wuce bait 1,000 ba, domin a wajenta `k` 1,000 ne, `ki` kuma 1,024. Bisa al'ada tana tsallake ɓoyayyun fayiloli sai an ƙara `-H`. Manhajar `ncdu` ta Yoran Heling tana nuna sakamako irin na `du` a jerin da ake iya shiga da fita da maɓallan kibiya. Umarnin `ls -lSr` yana jera abin da ke cikin folda guda daga ƙarami zuwa babba. Shi kuwa `locate` ya fi `find` sauri wajen neman suna, amma rumbun bayanansa bai ƙunshi girman fayil ba, don haka ba ya amfani a wannan aiki sai an haɗa shi da `stat` ko `du`.